Ranar da na karanta sunan ƙanwata a majami'a

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, muna zaune a Unguwar Dosa, ni ne magatakardan majami'armu. Duk Lahadi ni ke karanta sanarwa. Ina ji da muryata ƙwarai, sai na yi gyaran murya sau biyu nake farawa, kamar mai karanta labarai a rediyo.

A ofishinmu ina da aboki Musulmi, Bakatsine, sarkin tsokana. Wata rana ya ce, "Malam, an ce Littafinku ma ya hana naman alade. Ya aka yi kuke ci?" Na ba shi amsar da na haddace daga bakin mahaifina, wanda dattijo ne a ikkilisiya: waccan dokar ta mutanen dā ce, mu yanzu alherin Allah ya rufe mu. Ya ce to madalla. Na koma kujerata ina jin na kayar da shi.

Ba a yi wata uku ba ƙanwata ta yi ciki babu aure. Wanda ya yi mata cikin shugaban mawaƙanmu ne. Ya rantse bai san zancen ba, dattawa suka ce babu shaida. Ita kuwa ba ta da inda za ta ɓoye nata. Mahaifina ya ɗauko Littafi, ya buɗe daidai sashen dokokin da ya ce min sun wuce, ya yi ta karanta mata. Aka yanke mata horo: shekara guda a bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake rabawa a sujada, ba waƙa.

Da safiyar Lahadin da za a sanar da horon ta same ni ina goge takalmi. Ta ce, "Yaya, don Allah ka ba wani ya karanta." Na ce mata aikina ne, ba zan fara zaɓe ba. Na yi gyaran muryata, na karanta sunanta cikakke. Da na ɗago, tana tafiya baya ita kaɗai, shi kuma yana ɗaga wa mawaƙa hannu su tashi.

Ko sau ɗaya ba ta fasa zuwa ba. Wajen haihuwa jini ya ɓalle mata, ta rasu, jaririn ya rayu. Dattawa suka ce wanda ya mutu cikin horo ba a shigar da gawarsa majami'a. Mahaifiyata ta durƙusa wa mahaifina tana kuka, ya ce in ya karya doka don 'yarsa, da wane ido zai kalli jama'a? Aka ajiye akwatin gawar a bakin ƙofa, cikin rana, aka yi addu'a a tsaye.

Abokina ya zo, har ya kama mana akwatin. Muna dawowa daga maƙabarta ya ce, "Wallahi ba gardama nake nema ba. Alherin nan da ka ce ya rufe ku, ita bai kai kanta ba ne?"

Ban bar addinina ba, amma na ajiye karatun sanarwa. Abin da na gane shi ne mu muke zaɓar dokar da ta wuce da wadda ta rage. Wadda ta taɓa tukunyarmu ta wuce, wadda ta faɗa kan marar ƙarfi tana nan daram.

Ɗanta a hannuna ya girma. Kullum a bencin baya nake zama, ya taɓa tambayata dalili, na ce ƙarar lasifika ce ke damuna. Har yau ban gaya masa ni na karanta sunan mahaifiyarsa ba.