Gitocin Maazou marasa kai

Ran da Maazou ya dawo daga Lyon, a bakin metiro na Belleville, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, na gan shi, ya rungumo bargo kamar mai ɗauke da mara lafiya. Bargon ya kwance a kan matakala, gita uku suka zubo, kowacce an fille mata kai. Na ce, "Sannu da aiki, Sarkin Fawa!" Bai ko dube ni ba. Sunan kuwa ya bi shi har yau.

Maazou maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, can ƙarƙashin rufi inda in ka miƙe sai ka gaisa da kwano. Mutumin Tasawa ne, ɗan masassaƙa, ubansa turmi da akushi yake yi. Matarsa ta rasu tun bai zo Faransa ba. Da rana yana shara a wani shagon kafintoci a Montreuil, da yamma ya taho da guntayen katako a jaka. Ba ya zuwa hira, ba ya zuwa suna. Baƙon da na taɓa gani a ƙofarsa mai duba mitar wuta ne.

Wajen 1983 ya ga wata gitar lantarki ta Amerika a gilashin kanti, ta shiga ransa. Kullum Asabar sai ya je ya auna ta da taki ta bayan gilashi, har mai kanti ya ɗauka addu'a yake yi. Ya sassaƙa irinta sak guda uku, har lanƙwasar kan nan inda ake ɗaure tsirkiya. A gidansu haka ake girmama gwani: ka kwaikwayi hannunsa, kada ka rage ko ƙara. Abin dariyar, Maazou bai iya kaɗa ko gurmi ba. Burinsa ɗaya, ya ji abin da ya sassaƙa ya yi magana a hannun makaɗi.

Saley, ƙanen marigayiyar, da ke zaune a unguwar Minguettes ta Lyon, shi ya ce ya san kantin kayan kiɗa a Lyon. Ya kuma gayyato rabin unguwa su zo kallo. Da Maazou ya kai su, mai kantin ya juya guda, ya yaba aikin, sannan ya ce siffar kan nan kamfanin Amerika ya yi mata rajista, tasu ce, shi kuma wakilinsu ne.

Maazou ya ce, da ladabin Faransanci, "Mushe, siffa tana da mai ita? To turmi na wa ne?"

Bature bai san turmi ba, aboka ya sani, wato lauya. Ya ce ko a yanke kawunan nan take, ko a haɗu a kotu. Mutumin da takardunsa na zama ke rawa, ina shi ina kotu? Aka miƙo masa zarto. Da hannunsa ya yanke su a kan tebur, mutanen Saley na kallon takalmansu.

Wata da watanni ban ji motsi ta bango ba, sai tari da zubar ruwan alwala. Na tsokane shi a matakala, na tsokane shi a bakin famfo, ko tsaki ban samu ba. Can wata Lahadi na ji gizago ya farka. Wannan karon kan muciya ya yi musu, irin ta gidansu, mai faɗi da ɗan wuya. Wannan dai ba Ba'amurken da zai ce nasa ne.

Ya yawata da su kantuna. Ko'ina amsa ɗaya: samari kan Amerika suke so. Mai kyau ta haramta, halal ɗin kuma ba mai so. Sai ya jera su a bango, yana goge musu ƙura, yana ɗaure tsirkiyar da ba wanda zai taɓa.

Bara da sallar layya na leƙa da ɗan soyayyen nama, na tarar da shi shi kaɗai cikin babbar riga, zaune yana fuskantar su. Wallahi sai tsokanar ta maƙale mini. Na sauko da guda, na ce, "Sarkin Fawa, jona mini ita, yau za ka ji makaɗi."

Ya jona waya a wata tsohuwar ampili, akwatin ƙara sauti, da ya tsinto a bola. Na zuba yatsu biyar gaba ɗaya. Abin da ya fito, ko akuyar da ƙofa ta datse albarka. Madam ta ƙasa ta hau dukan silin da tsintsiya. Maazou kuwa ya rufe ido, bai buɗe ba sai da ƙarar ta mutu ƙurmus.

Na ce, "To, Malam Maazou, addu'arka ta karɓu, sai ka yi mini godiya."

Ya share ido da hannun riga, ya ce, "Laifina ne, Nouhou. Na roƙi Allah ya kawo mai taɓa ta, na manta ban ce mai hannu ba. Zauna ka ƙara, kafin a aiko na gasken."