Neman Gidan Isa Beri

Warin fetur da ƙanshin burodi mai zafi ne suka cika tashar Birnin Kabi lokacin da muka shiga mota, mutane na fitowa daga sallar asuba. Ni da gwaggona ne. Ita sarin busasshen kifi ke kai ta kasuwar Lolo, can bakin iyaka, ni kuwa na ce a gida zan raka ta ne in ga gari, tunda an yi mana hutu. Ku da kuke bibiyar shafin nan kun san ba gari kaɗai nake son gani ba.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani wasan gona da nake yi a waya tun shekarata ta farko a jami'a. Ka yi shuka, ka jira, maƙwabtanka na cikin wasan su leƙo su yi maka ban-ruwa. A nan na haɗu da Taourarouwa. Na daɗe ina kallon sunan kafin na gane Tauraruwa ce, da rubutun waɗanda suka yi makarantar Faransanci. Duk Hausarta haka take: "ina kouana", "ina tchikin guida". 'Yar Jamhuriyar Benin ce. Ita ta fara yin sharhi a ƙarƙashin rubutuna, lokacin da ba mai karanta shi sai ni. A makon jarrabawa ita ke riƙe mini gona, ko tumatir ɗaya bai taɓa bushewa ba. Ban taɓa jin muryarta ba, hotonta kuma furen bado ne.

Bayan babbar salla sai ta yi shiru. Kullum ina shiga in shayar da gonarta, amma wasan bai yarda maƙwabci ya yi girbi ba, ina kallo komai ya nuna ya lalace. Abin da ya rage mini shi ne wata magana da ta taɓa rubutowa: "Guidanmou na kousa da Issa Beri, ba nissa da Lolo." Na ce a raina, mutumin da ake kwatance da shi ba zai yi wuyar samu ba.

Direba ya jera mu mata a baya, maza a gaba, yadda aka saba yanzu. Jega ta tarbe mu da warin albasa, a Koko muka sha shayi. Daga nan hanya ta fara nuna halinta. Kowane rami kamar sabon mataki ne a wasa, sai dai nan ba a ba ka rai uku. Gwaggo na son yin gyangyaɗi, ni ina ta damunta da tambaya ko ta san wani Malam Isa Beri. A Bagudo muka sayi fura da nono wajen wata Bafulatana, nonon mai kauri, cokali na tsayawa a ciki. Da muka hau gadar Tuga na ga Kuwara shimfiɗe, rana na wasa a kanta, jiragen masunta kamar an watsa ɓawon gyaɗa. Na ɗauki hoto don in nuna wa Tauraruwa.

Illo gari ne na babura. Kowanne ɗauke da buhunan shinkafa ko jarkoki har ba ka ganin mai tuƙin. Naira da sefa duk suna ci, akwai kuma dogon burodin nan mai ɓawo. A nan wayata ta yi ƙara, saƙo ya shigo da Faransanci. Na yi sauri na buɗe, na ɗauka ita ce. Ashe kamfanin wayar ƙetare ne ke yi mini barka da zuwa ƙasar da ban taka ba.

Mun shiga Lolo kasuwa ta cika. Hausa, Dendanci da Fulatanci duk a kunne ɗaya, hayaƙin banda kuma na kama hijabi. Gwaggo ta zauna wajen wata tsohuwa da suka daɗe suna ciniki. Na jira suka gama gaisawa, na durƙusa.

"Inna, don Allah kin san gidan Malam Isa Beri?"

Ta dube ni, ta dubi gwaggo. "Wa kika ce, ɗiyata?"

"Isa Beri. Ina jin babban mutum ne a nan."

"Awo, babba na ƙwarai. Duk shi ka ciyar da mu." Sai dariya ta ƙwace mata, har tana share ido da gefen zane. Ta faɗa wa maƙwabciyarta wani abu da Dendanci, ita ma ta kama. "Hajiya, ɗiyarki ta taho gaida Malam. Kai ta bakin ruwa ta duƙa mishi."

Da ta huce ta yi mini bayani. Da harshensu isa shi ne gulbi, beri kuma babba. Kuwara kenan.

"Wannan ne mutumin da kika hana ni barci a kansa?" in ji gwaggo. "Ai kin tsallake shi ɗazu."

Na yi dariya tare da su. Kwatancen da nake taƙama da shi ya zama bakin kogi gaba ɗaya, hagu da dama, ƙasa biyu. Duk da haka na tambayi tsohuwar ko ta san wata yarinya mai waya, da ta yi makarantar Faransanci.

"Ɗiyar wa ta?"

Ban sani ba.

"Sunanta na yanka?"

Shi ma ban sani ba.

"To mi kika sani nata?"

Na san tana tsoron tsawa. Na san tana son zama ungozoma, kuma ba ta shuka karas a wasan don ta ce ba su da kyan gani. Ba wanda zan iya faɗa a tsakiyar kasuwa. Tsohuwar ta ga idona, ta daina dariya, ta zaɓo kifi mai kyau ta danƙa mini. "In ɗiyar ruwa ta, tana nan lafiya. Ba su ɓacewa."

Na gangara mashaya ni kaɗai. Jirage na zuwa suna sauke mutane, cikinsu da 'yan mata sa'o'ina, wasu riƙe da waya. Duk wadda ta sunkuyar da kai kan wayarta sai in ce ita ce. Na buɗe wasan, ya daɗe yana juyawa kafin ya kama. Na shayar da lalatacciyar gonarta, na rubuta mata da irin rubutunta: "Na zo. Ina bakin Issa Beri." Na zauna ina jira har gwaggo ta leƙo ta ce mota za ta tashi.

Mun kwana Bagudo wajen dangi, washegari muka iso gida, kayana duk ƙaurin kifi. Abokiyar ɗakina a makaranta takan ce ƙawar waya ba ƙawa ba ce. Har yanzu ban yarda ba. Abin da tafiyar nan ta nuna mini dai shi ne, a intanet mukan san abin da ke sa mutum kuka, ba mu san ƙofar da za mu yi sallama ba. In kuna da wadda kuke so haka, ku tambayi sunan mahaifinta tun tana amsawa.

Wannan sakin layi na ƙarshe, sai da shekara ta zagayo na ƙara shi. Tauraruwa ta dawo. Babanta masunci ne, kuma a lokacin sun bi kifi da jiragensu har ƙasa da Yawuri, inda layinta na Benin ba ya kamawa. Duk watannin da nake leƙen ƙetare, tana cikin jihar Kabi.