Ciyawar da Orville Ya Tuge

Shekara talatin da ɗaya Orville Pruitt yana tuƙa injin yankan ciyawa a filin shaƙatawar unguwarmu, nan bakin tafkin Erie. Ni ke gyara masa injin, don haka na san halinsa. Ciyawa ta wuce tsawon yatsa, mutumin nan ko abinci ba ya iya ci.

Saura wata takwas ya yi ritaya, sai hukumar gari ta haƙa ɗan kwari a tsakiyar filin, aka shuka tsirran daji, wai su shanye ruwan sama ya daina shiga gidajen mutane. Aka hana Orville kai injinsa wurin. Ya yi ta gardama har ogansa ya ce idan aka sake kawo ƙararsa sau ɗaya, ya bar aikin ke nan.

"Lamar, kai ka gane?" ya tambaye ni muna cin abincin rana. "Ciyawa ta yi tsawo, laifina. Na yanke, laifina."

Ni ina na gane? Na ce masa ya ci burodinsa kawai.

Ran nan Marisol, matashiyar da ta tsara wurin, ta ce ya tuge ciyawar da ta kutso cikin kwarin, da hannu. Orville ya ji daɗi, an zo fagensa. Kafin azahar ya tara tsibi guda na wata mai farin ruwa kamar madara, ya bar wata kyakkyawa mai furen shunayya.

Marisol ta zo ta tsaya a kan tsibin.

"Baba Orville," ta ce a hankali, "waɗanda ka tuge su muka shuka. Wadda ka bari ce ke kashe su."

"Wannan da na tuge? 'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake yaƙi da ita."

"A kanta malam-buɗe-littafi ke yin ƙwai."

Na san kalma ɗaya daga bakinta ta isa a kore shi daga aiki. Sai kawai ta ajiye wayar da ke hannunta, ta miƙa masa ƙaramin shebur.

Da yamma na same shi durƙushe, yana mayar da tsirran da ya tuge ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yana danna gindinsu da tafin hannu. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Bai ɗago kai ba ya ce, "Lamar, to ni duk shekarun nan me nake yi?"