Mai Tarkon da Ya Rage a Kuzuhata

Duk itacen da ka ga an ɗaura wa ɗan allon roba a bayan ƙauyen Kuzuhata, to akwai tarko a gindinsa, kuma suna ɗaya ne a jikin kowane allo: Nagami Tokuichi. Doka ce ta ce a rubuta, don idan tarko ya yi ɓarna a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da can sunayen suna da yawa. Wasu sun mutu, wasu ciwon gwiwa ya zaunar da su, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa birni, har aka wayi gari Tokuichi kaɗai ke da lasisi a duk kwarin.

Shi fa bai gaji farauta ba. Direban motar katako ne, kuma da ya ajiye aiki ba shi da wani buri da ya wuce kamun kifi da barcin rana. Matarsa Sumie ce ta jefa shi ciki ba da niyya ba. Wata safiya ta tarar aladun daji sun tone mata dankali kakaf, ta zauna a bakin gonar tana kuka kamar an yi mata rasuwa. Tokuichi ya kasa jure kallonta. Da furfurarsa ya je ya zauna jarrabawa, ya haddace dabbar da aka yarda a kama da wadda aka hana, da iyakar faɗin da bakin zargen waya zai yi don kada ƙafar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai manyan farata, ta shiga.

Akwai sharaɗi ɗaya da bai ko dame shi ba a lokacin. Tarkon da aka ɗana, sai mai shi ya je ya duba shi kowace rana, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, don kada dabba ta kwana biyu tana shan azaba. Sharaɗi ne mai kyau, ban ce a'a ba. Amma wanda ya zauna a ofis ya tsara shi ya ɗauka a kowane ƙauye akwai majiya ƙarfi da za su yi karɓa-karɓa. Bai taɓa ganin Kuzuhata ba, inda mai shekara saba'in ake aika kamar yaro. Da haka Tokuichi ya zama mutumin da ba ya kwana a wani gari. Bikin jikarsa ma da rana ya je ya dawo.

Ciwon Sumie ya tashi ne daidai lokacin da shinkafa ta fara nono, wato lokacin da aladu suka fi haukacewa a kanta. Ba cin ne kaɗai abin tsoro ba. Alade ɗaya ya yi birgima a gona, warinsa ya kama shinkafar ke nan, ba mai saye, ba mai ci. Aka kai Sumie babban asibiti a bayan duwatsu, inda 'yarsu Mitsuyo take jinyarta. Tokuichi ya ƙudurta zai sa wa tarkunan ƙusa ya kulle su don kada su kama komai, ya bi ta.

Labari ya kai kunnen maƙwabciyarsa, tsohuwa Kikuno. Ta dogaro sandarta har ƙofar gida.

"Toku, an ce birni za ka?"

"Zan je in ga jikin Sumie, Yaya."

"Ai dole, ai dole. Je ka abinka, kada ka kula da mu. Shinkafar nan in sun ci, sun ci. Dama bana ce shukata ta ƙarshe." Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa sandar, ta juya.

Haka ake roƙo a Kuzuhata. Ba a cewa taimake ni, sai dai a sallame ka da sallamar da za ta hana ƙafarka ɗaguwa. Da yamma ya kira Sumie a waya.

"Kada ka zo, Baban Mitsuyo," ta ce. "Kai likita ne? Ka zo ka tsare ni da idanun nan naka kamar na mujiya, ka ƙara mini ciwo? Tsaya a yi girbi tukuna."

"Kin tabbata?"

"Ka canza safa yau?"

"Jiya na canza."

"Ƙarya kake, daga nan ina jin warinsu."

Suka yi dariya. Ya ajiye wayar yana jin sauƙi a ransa, kuma ya ji kunyar sauƙin. Ya zauna. Kullum da asuba ya zaga tarkuna, da yamma ya kira ta, ta ce kada ya zo, muryarta tana ƙara siranta, shi kuma yana cewa laifin waya ne.

Ranar da Mitsuyo ta kira da kanta, ba ta ko gaishe shi ba. "Baba, likita ya ce dangi su taru. Ka taho gobe da sassafe."

Gari bai gama wayewa ba ya hau dutse da ƙusoshi a aljihu, yana kulle tarko ɗaya bayan ɗaya, jakar tafiyarsa na jiransa a mota. Saura na ƙarshe, wanda ke gefen hanyar da Kikuno take bi zuwa gonarta, sai ya ji gurnani. Ƙasa a tone, bawon itacen a yage. Wata matashiyar beyar ce, baƙa wuluk, wayar tarkon ta shaƙe mata ƙafar gaba. Zargen daidai da doka yake, ƙafarta ce ba ta gama girma ba.

Ya hau tudu inda waya take kamawa ya kira ofishin gunduma. Wata ma'aikaciya mai suna Hosoda ta ɗauka.

"Baba, kada ka taɓa ta. Izininka na alade ne, bai haɗa da beyar ba. Za mu zo da mai allurar barci a ɗauke ta a sake ta can nesa. Amma yana wani kiran a wani kwari, sai ya gama. Tarkonka ne, ka tsaya kusa, kada wani ya bi ta wurin."

"'Yata, matata tana asibiti. An ce mu taru."

Ta sassauta murya. "Wayyo, Baba, sannu. Akwai wanda zai tsaya maka?"

Ya bi gidajen ƙauyen a ransa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya ji, wancan ba ya gani sosai, na gaba da keken guragu yake fita. In wayar tarkon ta tsinke, wa zai iya ko da gudu?

"Babu," ya ce.

Ya tare hanya da reshe, ya zauna a kan wani dutse daga nesa. Beyar ta yi ta fizga, ta ciji wayar, ta ciji ƙafarta, ta gaji ta kwanta tana haki. Shi kuma ya yi ta hawa tudu yana sauka. Sau ɗaya ya samu Mitsuyo, ya fara bayani, ta ce, "Beyar, Baba? Beyar?" ta kashe. Bai taɓa jin ya tsani wani abu kamar yadda ya tsani ɗan allon nan mai sunansa ba, yana lilo a jikin itace. Ya yi tunanin ya cire shi ya jefa a rafi ya kama hanya. Sai ya hango Kikuno can ƙasa tana tahowa da sandarta, ya tashi yana ɗaga hannu yana ihu ta koma.

Rana ta karkata kafin su iso. Suka harbi beyar da allura, suka sa ta a keji, Hosoda tana ta sunkuyawa tana ba shi haƙuri, idonta cike da ƙwalla. Ba laifinta ba ne, shi ma ya sani, kuma wannan ya fi ƙona masa rai, don bai da wanda zai yi wa faɗa.

Ya shiga asibitin da taɓo a takalmi. An riga an rufe wa Sumie fuska da farin ƙyalle. Mitsuyo tana zaune a gefe, ba ta tashi ba.

"Duk wanda ya buɗe ƙofar nan sai ta juyo da kai," ta ce. "Tun ranar da aka kwantar da ita."

"Ita ce ta ce kada in zo."

"Haba, Baba! Iya Kikuno ta ce ka tafi, ka gane abin da take nufi. Mama ta ce kada ka zo, ka ce ba ka gane ba?"

Ya gane. Tun kiran farko ya gane. Ya dai ga roƙon ta gida ya fi sauƙin dannewa ne, don an raine shi a kan cewa na waje ake fara jin kunya.

An yi girbi lafiya a shekarar nan. Bayan an gama zaman makoki, Mitsuyo ta sauko daga fushinta, ta gyara masa ɗaki a gidanta na birni, ta zo ɗaukarsa. Suna ɗaure kaya sai ga Kikuno da ƙwaryar sabuwar shinkafa dafaffiya. Ta ajiye a gaban hoton Sumie, ta kunna turare, ta daɗe a durƙushe. Da ta miƙe ta dubi akwatunan.

"Ka yi daidai, Toku. Je ka huta. An ce an ga sawun aladu jiya a bayan gidana, amma mu ai mun ci zamaninmu."

Mitsuyo ta dubi mahaifinta. Ta ga inda idonsa ya sauka: kan takalman robarsa da ke bakin ƙofa.

"Baba, kada ka fara."

"Zan zauna har ƙanƙara ta sauka kawai," ya ce.

Ita kaɗai ta koma birni. Washegari da asuba ya hau dutse yana zare ƙusoshin da ya sa ranar da Sumie ta rasu, ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a aljihu.