Ranar da Na Ce wa Baba Lafiya Lau

Jiya wata malama daga Taura ta bugo waya tana tambaya ko sabon tsarin kwamfutar Baba ya fito. Na ce mata ai ya shekara da rasuwa. Ta yi ta'aziyya, ni kuwa na kasa cin tuwo.

Baba surukina ne. Da ya yi ritaya a Dutse, sai ya duƙufa harhaɗa tsarin da ke tafiyar da tsofaffin kwamfutoci, komai da Hausa, yana zuba wa mutane kyauta a filas, 'yar na'urar nan ta adana bayanai. Kafin ya raba sabo, ni yake kira. "'Yar nan, zo ki taɓa. In ke kin iya, kowa ma zai iya."

Ran nan ina zaune a ɗakinsa mai ƙamshin man zafi, fankar kwamfutar tana ƙugi. Ya fita alwala, na buɗe hotuna, sai komai ya tsaya cak. Da wane ido zan dubi surukina in ce aikinsa da gyara? Na kashe, na kunna kafin ya dawo.

"Yaya, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Ke dai ba kya ɓoye mini."

Haka ya raba shi. Da ƙorafi ya yi yawa, sati uku ya yi yana neman matsalar, hancinsa kusan a jikin gilashi, idonsa na ruwa, yana ta ba mutane haƙuri. Ni nake kai masa kunu, kuma ban taɓa buɗe baki ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya yafe mini ranar da za mu haɗu.