Ƙayar Kurungun da Ta Zauna a Ƙafata Shekara Goma

Salamu alaikum jama'a. Wata biyar ban sa hoton kifi a shafin nan ba, har wasu sun yi fushi sun koma saye wajen wasu. Ba wulaƙanci ba ne. Ƙafata ta dama ce aka kusa yankewa, kuma bakina ne ya ja mini.

Kun san ni da bandar kifi a wani ɗan tsibiri cikin Binuwai, tafiyar awa biyu a kwalekwale kafin a iso Jimeta. Gida ashirin ne mu, ba asibiti, ba kemis. Abin da ba ku sani ba, ba 'yan nan ba ne mu. Daga wani tsibiri na Tafkin Chadi muka gudo.

Shekara goma ke nan, da hantsi 'yan bindiga suka zo mana, a jiragen ruwa uku. Ina juya kifi a kan wuta. Mijina Isa yana gyaran raga a bakin ruwa, ko miƙewa bai yi ba suka harbe shi a wuya. Na ga jininsa yana bin ragar. Suka cinna wa bukkoki wuta, duk wanda ya fito a harbe shi, wanda bai mutu ba a ƙarasa shi da adda. Na ruga cikin ciyawar ruwa, sai na ji kamar an doke ni da taɓarya a ƙwauri. Kwana biyu na yi kwance a taɓo, gawar maƙwabciyata tana gefena.

Dada, uwar mijina, ita ta dafa man shanu ta tsiyaya mini a ramin da harsashi ya yi a ƙwaurina. Na yi ihu har na suma. Bakin ciwon ya rufe, harsashin yana ciki.

A hanyar gudu mun ga ana tuɓe wa maza riga a shingen binciken jami'an tsaro, ana neman masu tabon harsashi. Aka ga tabo a kafaɗar wani saurayi da muke tare, aka jefa shi a mota, har yau shiru. Tun daga ranar muka yi wa kanmu doka: ɗan tsibiri ba ya faɗin harsashi a cikin gari. Kowane tabo, a ce ƙayar kurungu ce, tunda kowa ya san kifin nan da mugun suka.

Bana da damina ƙafar ta tashi. Kumburi, zazzaɓi, sai ruwa mai wari ya fara zuba. Yayana Hamma Buba ya ɗauke ni cak ya sa a jirgi, daga bakin kogi muka hau keke zuwa asibiti.

Likita ya ce, "Madam, me ya same ki a nan?"

Na ce, "Kurungu ne, likita."

Ya ce a ɗauki hoton ƙashi. Na ƙi, na ce ba ni da hali. Ƙarya nake, tsoro ne. Ya rubuta magani muka koma. Sati uku na ɓata a banza ina haɗiyar ƙwaya, ƙashina yana ruɓewa.

Zuwana na biyu ban ma san an kawo ni ba. Na farka da ledar ruwa a hannu, an ɗebi jini, an riga an yi hoton. Likita ya ɗaga shi saitin taga, ga abin nan fari tas a jikin ƙashi.

Ya ce, "Kurungun tsibirinku da bindiga yake yawo?"

Na kama rigar Hamma na ce mu gudu, ni da ko tsayuwa ba na iyawa. Likitan ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Adda, 'yar'uwata, ni ƙafa nake nema, ba mai laifi ba. Da kin faɗa mini ranar farko da aikin bai kai haka ba. Yanzu zan shiga da ke tiyata, amma ki sa hannu, in ƙashin ya mutu zan yanke."

Ku da ke gari ba za ku gane ba. A tsibiri komai da ƙafa ake shiga ruwa a yi shi. Mai ƙafa ɗaya ko jirgi ba za ta hau ba sai an ɗauke ta. Na yi kuka, na zagi waɗanda suka harbe ni, na zagi kaina.

Sau biyu aka shiga da ni tiyata. Aka kankare ƙashi, aka bar ciwon a buɗe. Kullum da safe a cusa auduga a zaro, ina cizon zani, matan gadon kusa suna ta yi mini sannu. Allura sati shida. Hamma ya sayar da injin jirginsa, ya koma tuƙi da hannu, bai taɓa yi mini gori ba.

Ƙafa tana nan. Ta ɗan gajarce, ina ɗingishi, amma da ita na sauka daga jirgi.

Likita ya ba ni harsashin a kwalba. Ranar da na koma, na ajiye shi a kan tabarma gaban masu zuwa gaisuwa, na ce ga kurungun. Can sai Dada ta zame mayafinta ta nuna mini tabo irin nawa a ƙasan haƙarƙarinta. Shekara goma muna kwana ɗaki ɗaya, ban sani ba. Ashe ranar da take tsiyaya mini man shanu ita ma jini take zubarwa.

Alhamdulillahi. Na gode wa likita da nas-nas, na gode wa Hamma Buba, na gode wa duk wanda ya kira ya ji shiru.

Shawarata, in an ce a yi hoto, ku yi. Ciwon da ya rufe baki yana zafi daga ciki bai warke ba. Kuma don Allah ku faɗa wa likita gaskiya tun ranar farko, ku da kuka gudo irin namu musamman.

Jibi Litinin zan kai Dada asibiti. Ta ce in an tambaye ta, ni zan faɗa, ita har yanzu bakinta ba ya iyawa.