Kujerar da Na Shafa wa Ruwan Hoda

Shekarun baya, lokacin ina neman auren matata, na je wajen kawuna masassaƙi a Tofa ya sassaƙa mata kujera 'yar tsugunno. Ya yi ta da icen kirya, ya ƙona ƙarfe ya zana mata ado, ya mulke ta da man kaɗe har tana sheƙi.

Ni kuwa sai na ga ta yi duhu. A littattafan da suka raine ni, masoyi ba ya kai baƙar kyauta. Na hau keke har Rijiyar Zaki, na daɗe a shagon fenti ina auna kaloli da fuskarta, daga ƙarshe na ɗauko ruwan hoda.

Da kawu ya ga gwangwanin ya ce, "Kai ɗan nan, icen da ya sha mai ba ya karɓar fenti. Ƙofa ce?"

Na ce, "Kawu, ba za ka gane ba."

Ya ce, "To, masani. Allah ya ba da sa'a."

Sau biyu na shafa. Bayan kwana uku na taɓa, sama-sama kamar ya bushe. Na kai mata da la'asar, har da kalaman da na haddace a hanya. Ta fito zaure cikin sabuwar atamfa, ta zauna a kai don ta faranta mini. Da ta miƙe, kujerar ta biyo ta.

Na sandare. Na ce shi ke nan, an gama da ni a gidan nan. Daga tsakar gida mahaifiyarta ta leƙo ta ce, "Wannan surukin namu da kujera yake kamun amarya?"

Ita kuwa budurwar tawa ta shige da abarta. Mako guda ban iya bin layinsu ba. Ranar da na daure na koma, na tarar da kujerar a zaure, an kankare ta da fasasshiyar kwalba, zanen kawu ya fito raɗau.

Ta ce, "Wannan kyan ka rufe? Ni ka daina yi mini fenti, ko a magana."

Tun daga nan na rage haddar kalamai, na koyi duban abu kafin in ce zan gyara shi. Kujerar tana madafarmu har yau. A cikin ramukan zanen akwai ɗan ruwan hodan da ya ƙi fita, kuma ta hana a taɓa shi.